Birkin hannu, giya ko waigi: me ke riƙe mota a kan gangara?

Malamin firamare, Roni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, amma sai na fara ba da labarin abin da ya jawo ta. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauko buhu 4 na gero daga gona a tsohuwar Golf ɗina, na biya ta gidan yayana domin in sauke masa ɗaya. Wanda ya san ƙasarmu ya san ba irin ta Gumel ko Haɗeja ba ce da take shimfiɗe kamar faifai. Ƙofar gidan nasa a kan ɗan tudu take, hanyar kuma tana gangarawa har bakin rijiya. Na tsaya hancin motar yana kallon sama, na ja birkin hannu har ya ƙure, na kashe inji, na bar giya a firi kamar yadda na saba, na shiga gaisuwa. Ban gama amsa barka da zuwa ba sai na ji salatin mata a waje. Ko da na fito, motar ta sulale da baya kamar taku 20, ta ture dangar maƙwabci, ta tsaya a jikin wata darbejiya. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, fitilar baya ɗaya ce kawai ta fashe. Amma inda ta bi nan ne yara suke wasa kullum da yamma, kuma tun ranar abin bai bar raina ba. Ina roƙon masu ilimin mota su gaya mini inda na yi kuskure, tun da dai birkin na ja shi iyakar ƙarfina.

Tsohon direban tifa, Rano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya ƙara kiyayewa. Kuskurenka guda ne, ka ba birkin hannu amana. Na yi shekara fiye da 30 ina jan tifa, na ɗebi yashi a bakin kogi, na ɗebi dutse a kwari, kuma ban taɓa sauka daga mota a kan gangara ba sai yarona ya dira ya sa waigi. A zamaninmu aikin farko da karen mota yake koya ke nan, tun kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Waya tana tsinkewa, ƙarfe yana cinyewa, amma dutsen da ka tokare taya da shi ba ya yi maka ƙarya. Shawarata ka manta da wannan sandar da ke gefenka, ka sa giya ta ɗaya, ka nemi dutse.

Makaniki, Kazaure:
Baba, da girmanka, rabin maganarka na karɓa, rabi kuwa ina neman izinin in ja da ita. Malam ya riga ya faɗi amsar tambayarsa da bakinsa bai lura ba, domin ya ce ya ja birkin har ya ƙure. Birkin hannu mai lafiya ba ya ƙurewa. Idan ka ja shi za ka ji yana ƙas-ƙas, kowace ƙara haƙori ɗaya ne, kuma a yawancin ƙananan motoci kafin ka ƙirga 6 zuwa 8 hannunka ya ji tauri, ya tsaya. Kowace mota tana da adadinta a littafinta, amma duk wadda sandarta take miƙewa tsaye tana kallon rufi, to ba abin da ta kama a ƙasa.

Bari in bayyana yadda abin yake, domin mutane da yawa suna zaton birkin ƙafa da na hannu abu ɗaya ne. Birkin ƙafa da mai yake aiki, kana takawa man birki ya tura ƙarfin zuwa tayoyi huɗu. Birkin hannu ba ruwansa da mai. Waya ce ta ƙarfe, wadda muke kira kebur, take tashi daga sandar ta bi ƙarƙashin mota, ta rabu biyu, ɗaya ta tafi tayar baya ta dama, ɗaya ta hagu. Tayoyin baya kaɗai yake kamawa. A irin Golf ɗin Malam yawanci duram ne a baya, wato wani kwano na ƙarfe da ke juyawa tare da taya, a cikinsa akwai fatu biyu masu lanƙwasa da muke kira shu, kebur ɗin ne yake buɗa su su dafe jikin kwanon. Abu uku ne suke kashe shi: wayar ta miƙe saboda tsufa, ko fatun su cinye, ko kuma tsatsa ta kama wayar a cikin rigarta ta daina motsi. Akwai na huɗu da ake yawan mantawa, wato man birki ko giris ya zubo a kan fatun su yi santsi, ka ja iyakar ja amma ba kamu.

Inda nake ja da Baba shi ne cewa a manta da shi. Rashin amfani da shi ne ma yake jawo tsatsar. Motocin da suke zuwa garejina da matacciyar waya, kusan duka masu su za su ce maka sun yi shekara ba su taɓa sandar ba, saboda garinsu ba tudu.

Tsohon direban tifa, Rano:
To Oga, idan na gyara shi yau, gobe ya tsinke ina cikin masallaci, wa zai riƙe motar?

Makaniki, Kazaure:
Giya za ta riƙe, Baba, kuma waigin da ka ce shi ma zai riƙe. Ban ce a bar su ba. Cewa na yi kada a jingina mota a kan abu ɗaya, ko da kuwa dutse ne. Na ga motar da ta haye waigi, saboda dutsen ƙarami ne kuma mulmulalle, ƙasar kuma burji ce mai tsakuwa, sai tayar ta tura shi gaba kamar ƙwallo. Sannan ka tuna tifarka ba Golf ba ce. Manyan motoci na yanzu birkin tsayuwarsu na iska ne, a cikinsa akwai wani ƙaton sifirin da yake danne birkin da kansa, iska ce take ɗaga shi idan za a tafi. Shi ya sa idan iska ta zube tirela take ƙin motsi. Ƙaramar mota ba ta da wannan gatan.

Ɗalibin injiniyanci, Wudil:
Iyayena da yayyena, ina neman afuwa in sa baki da ɗan lissafi, domin ina ganin gero ma yana da hannu a wannan lamari. Idan hanya tana hawa mita 1 a cikin kowane mita 10, abin da yake jan mota zuwa ƙasa ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Golf irin ta Malam ba kaya ta ɗan haura kilo 1,000. Ya ɗora mata buhu 4, kowanne wajen kilo 100, ta tasam ma kilo 1,500. Ke nan abin da birkin zai riƙe ya tashi daga kilo 100 zuwa wajen 150, kamar a ce an ɗaura wa motar igiya an rataya buhu ɗaya da rabi a cikin rijiya yana janta. Birkin da ya raunana zai iya riƙe motar da ba kaya watanni mai ita bai san ya mutu ba, sai ranar da aka yi lodi asirinsa ya tonu.

Ba da ka ake ƙera abin ba. A Amurka, inda da yawan motocin da muke saya na hannu suke fitowa, ƙa'ida ta ce dole birkin tsayuwa na ƙaramar mota ya riƙe ta minti 5 a kan gangara mai kashi 20 cikin ɗari, wato hawan mita 1 a kowane mita 5, ko tana kallon sama ko tana kallon ƙasa. Wannan gangara ce mai tsanani, ba na jin ƙofar gidan yayan Malam ta kai haka. Sai dai gwajin da nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka ake yin sa, ba da lodin ranar kasuwar Gujungu ba, inda za ka ga but a buɗe an ɗaure shi da igiya, bayan motar yana shafar ƙasa.

Malamin firamare, Roni:
Na gode ƙwarai. Maganar Oga ta kama ni, domin gaskiya tun bara sandar take ƙara tashi sama, ni kuma na ɗauka laushi ta yi, har ina jin daɗi. To maganar giya fa? Baba ya ce ta ɗaya. Wani abokina da na ba labarin ya ce ribas ake sawa. Wanne ne daidai?

Mai Sharon, layin Dutse zuwa Birnin Kudu:
Malam, abin da aka koya mana shi ne, idan hancin mota yana kallon tudu ka sa ta ɗaya, idan yana kallon gangara ka sa ribas, wato kullum ka sa giyar da take adawa da inda motar take son tafiya. Kai da ka tsaya kana kallon sama, ta ɗaya ce taka.

Makaniki, Kazaure:
Haka ne, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin riƙewa a ka. Amma kada wani ya ɗauka akwai wani sirri a ciki. Abin da yake riƙe motar shi ne injin da aka kashe, domin kafin taya ta juya sai ta juya inji, inji kuwa yana da matsin iska a cikinsa da yake turjewa. Giya ta ɗaya da ribas su ne suke sa taya ta fi shan wahalar juya injin, shi ya sa aka zaɓe su. Wanda ya bar mota a giya ta uku ko ta huɗu kusan bai yi komai ba. Kuma injin da ya tsufa, ringinsa ya cinye, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, matsinsa ya ragu, za ka ga motar tana tafiya kaɗan-kaɗan, ta motsa ta tsaya, ta motsa ta tsaya, ko da tana cikin giya. Wannan shi ne raunin shawarar Baba ta dogara da giya.

Ga wani amfanin haɗa su da ba a cika faɗa ba. Golf da Sharon da yawancin ƙananan motocinmu da tayoyin gaba suke ja. Giya tana kulle na gaba, birkin hannu yana kulle na baya. Idan ka haɗa biyun, taya huɗu ne suke dafe da ƙasa. A kan kwalta bambancin ba zai fito sosai ba, amma a hanyar burji ko tabo na damina, taya biyu a kulle suna iya zamewa a hakan ba tare da sun juya ba.

Kai kuma mai Sharon, akwai naka na musamman. Birkin bayan motarka na faranti ne, ba duram ba. Idan ka sha tafiya kana taka birki farantin ya yi zafi, yana ɗan kumbura. Ka ja birkin hannu a kansa yana da zafi, ka tafi cin abinci, ya huce ya koma girmansa, kamun ya sassauta. Mota tana iya zama minti 10 ko fiye lafiya lau, sannan ta fara tafiya ba kowa a ciki. Saboda haka ka ja shi da ƙarfi, kana danne da birkin ƙafa, kuma kada ka bar ta a firi.

Mai Sharon, layin Dutse zuwa Birnin Kudu:
Oga, tun da an zo nan bari in faɗi gaskiya, kowa ya san ba ni kaɗai ba ne. Da gangan nake neman gangara in tsaya, saboda kik ɗina, wato abin tada inji, ya daɗe yana ba ni wahala, batir kuma ba ƙarfi. Da safe sai in cire dutse, in sake ta ta gangara, in saki kuloci a giya ta biyu ta tashi, ba sai na nemi masu turi ba. A Dutse gangara ba ta wahalar samu. Kuɗin gyaran ne ba ya taruwa.

Tsohon direban tifa, Rano:
Wa yake cire dutsen, kai ko yaro?

Mai Sharon, layin Dutse zuwa Birnin Kudu:
Wani lokaci yaro, wani lokaci ni da kaina, sai in yi sauri in shiga.

Tsohon direban tifa, Rano:
Innalillahi. Ɗana, wannan sauri da kake yi shi ne na ga ya karya ƙafar wani abokin aikinmu, ƙofa ta make shi ya faɗi, tayar baya ta bi ta kansa. Ba a cire waigi sai direba yana zaune, ƙafarsa a kan birki. Kuma mai cirewa daga gefe yake tsayawa, ba ya durƙusa a gaban taya.

Makaniki, Kazaure:
Ƙari a kan na Baba, idan inji a kashe yake, birkin ƙafarka ba shi da mataimaki. Akwai wani baƙin tulu a bayan feda da muke kira sabo, wanda inji ne yake ba shi ƙarfi. Bayan an kashe mota taku ɗaya ko biyu ne suka rage a cikinsa, daga nan feda ta zama kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Ranar da motar ta ƙi tashi a tsakiyar gangarar, ga ɗan makaranta ya gifta, da me za ka tsaya? Sau da yawa matsalar kik ba ta wuce gawayinsa ya cinye ba, kuma canza shi bai kai kuɗin fitila ɗaya ta gaba ba. Wannan gargaɗin ya shafi masu kashe inji ko sa firi a gangara domin tsimin mai, abin da ya yawaita tun da aka cire tallafin fetur a 2023.

Ma'aikaciyar jinya, Gwaram:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun farko, kuma duk maganar ta masu giyar hannu ce. Ni Sienna nake ja, otomatik, ba ta ma da sandar da kuke faɗa. Ina sa ta a P in fita. Sai dai a wurin aikinmu filin ajiye motoci yana da ɗan gangara, kuma duk lokacin da zan tashi giyar takan yi tauri, idan ta fita daga P sai in ji wata ƙara kamar an buga guduma a ƙarƙashi. Shin wannan lahani ne?

Makaniki, Kazaure:
Hajiya, motarki tana da birkin tsayuwa, sai dai a ƙafa yake. Ki duba can gefen hagu kusa da ƙofa, za ki ga wata ƙaramar feda a sama da inda kike ajiye ƙafar hagu. Idan kika taka ta za ta yi ƙas-ƙas ta zauna a ƙasa, jar fitila ta kama a gabanki. Ki duba littafin motar domin yadda ake sakinta, amma a yawancinsu sake takawa ake yi ta dawo.

Ƙarar da kike ji kuwa ga dalilinta. P ba birki ba ne. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin giyabos, bai fi ɗan yatsa ba, yake faɗawa tsakanin haƙoran wani gare ya hana shi juyawa, kamar sakata a ƙofa. Idan kika sa P a gangara kika ɗaga ƙafa, za ki ji motar ta ɗan motsa ta tsaya, to a lokacin nauyinta gaba ɗaya ya hau kan wannan sakatar. Da kika zo fitar da ita, fizge ta kike yi daga ƙarƙashin nauyin, shi ne taurin da ƙarar. Ba rana ɗaya take lalacewa ba, amma gyaran giyabos na otomatik ba abin da ake yi wa fatan zuwa ba ne. Abin da za ki riƙa yi shi ne, ki tsaya ƙafarki a kan birki, ki sa N, wato firi, ki taka birkin tsayuwar sosai, ki ɗaga ƙafar dama a hankali har ki ji motar ta zauna a kansa, sannan ki sake taka birki ki sa P. Idan za ki tashi, ki taka birki, ki tada inji, ki sa D ko R, wato gaba ko baya, sai a ƙarshe ki saki na tsayuwar. Tun da kin daɗe ba ki taɓa shi ba, kada ki fara gwadawa a gangara ko ranar da kike sauri, ki bari a duba wayar tukuna, domin tana iya kamawa ta ƙi saki.

Ma'aikaciyar jinya, Gwaram:
Ikon Allah. Shekara 3 ina jan motar nan, na ɗauka wannan fedar ta buɗe bonet ce. Na gode Oga.

Ɗalibin injiniyanci, Wudil:
Hajiya, idan kina ɗaukar yara akwai ƙarin dalili. A Amurka sai daga Satumban 2010 doka ta wajabta cewa motar otomatik ba za ta fita daga P ba sai an taka birki. Motoci da yawa suna da wannan tsarin tun kafin lokacin, amma ba duka ba, kuma a tsohuwar mota yana iya lalacewa. Yaron da aka bari a ciki da makulli yana wasa da giya zai iya sakin motar. Sandar hannu ma yaro ɗan shekara 6 yana iya danna maɓallinta idan ba a ja ta da ƙarfi ba.

Shugaban zaure:
Jama'a, muhawara tana kyau. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo sitiyari, alhali a ganina da Malam ya karya tayoyinsa da motar ba ta yi taku 20 ba.

Mai Sharon, layin Dutse zuwa Birnin Kudu:
Gaskiya ne shugaba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka a gefen dama muke tsayawa. A cikin gari inda titi yake da dakalin siminti a gefe, idan kana kallon gangara ka karya sitiyari dama, motar tana motsawa tayar gaba ta tokari dakalin. Idan kana kallon tudu ka karya hagu, tana komawa baya bayan tayar ya tokare shi. Inda ba dakali kuwa, ko sama kake kallo ko ƙasa, dama ake karyawa, domin idan ta sulale ta fita daga hanya maimakon ta shiga tsakiyarta.

Malamin firamare, Roni:
A nan ne nake da ja. Wannan ƙa'ida ta masu titi ce. A ƙauyenmu gefen hanya shi ne inda dattawa suke shimfiɗa tabarma, nan mai ƙosai take, nan ake ɗaure awaki. A ƙofar gidan yayana, da na karya dama, da bayan motar zauren gidan zai nufa, inda mahaifiyarmu take zama da hantsi.

Tsohon direban tifa, Rano:
Ka yi magana, Malam. Littafi bai san ƙofar gidan yayanka ba. Kafin ka kashe mota ka tambayi kanka, idan ta tafi ba ni a ciki, ina za ta? Sai ka karya tayar zuwa inda asarar ta fi sauƙi, ko bishiya, ko tudun ƙasa, ko kunyar gona. Idan ka duba ko'ina mutane ne, to wurin ba na tsayawa ba ne, ka gangara ƙasa ka tsaya a daidai, ka ɗauko buhun a ka ko a baro. Kuma in da hali ka gicciye motar, kada ka bar ta tana kallon gangarar kai tsaye.

Mai faci, Kwanar Huguma:
Ni abin da nake gani kullum shi ne wajen canza taya. Mutum zai ce ai ya ja birkin hannu, ya sa jak ya ɗaga tayar baya, ya manta cewa rabin birkin nasa ne ya ɗaga sama. Wani kuma ya ce ai tana P, ya ɗaga tayar gaba, alhali da zarar taya ɗaya ta gaba ta bar ƙasa P ba ya hana ɗayar juyawa. A nan kam ina bayan Baba, waigi dole ne, a tayar da take kusurwa da wadda za a cire, gaba da baya. Kuma ba a kafa jak a gangara ko a kan yashi, gara a ja motar a hankali a kan facin zuwa wuri mai tauri.

Ɗan acaba, Sumaila:
Ina da ƙorafi a kan masu waigi, Baba ka yi haƙuri. Idan sun gama sai su ja mota su bar dutsen a kan kwalta. Da rana ana gani a kauce, da dare kuwa mu masu babur ne muke hawa kansa. Ina da tabo a gwiwa har yanzu.

Tsohon direban tifa, Rano:
Ba haƙurin da za ka ba ni, ɗana, gaskiya ka faɗa. Wanda ya koyi aiki a hannun mutanen kirki ba ya amfani da dutsen hanya ma. Itace ake sassaƙawa mai kusurwa uku, a huda shi a ɗaura igiya, yaro ya fizgo shi daga gefe ya jefa a mota.

Manomi, Riruwai:
Mu nan Doguwa tudu ba baƙonmu ba ne, amma ni akasin matsalar Malam ce ta same ni. A daminar bara na ratsa rafi da a-kori-kurata, na dawo gida na ja birkin hannu, na yi tafiya ta mako 3. Da na dawo na saki sandar, motar ta ƙi motsi, tayar baya ɗaya tana jan ƙasa. Sai da aka cire taya aka bubbuga duram da guduma kafin ta saki.

Makaniki, Kazaure:
Tsatsa ce ta manne fatun da jikin duram, Alhaji. Idan ka ratsa ruwa, ka yi ɗan tafiya kana taka birki a hankali domin zafi ya busar da su kafin ka ajiye. Motar da za ta yi makonni ba a taɓa ta ba kuwa, a nemi wuri shimfiɗaɗɗe, a sa giya, a sa waigi gaba da baya, a bar birkin hannu a sake. Nan ne kaɗai nake yarda a bar shi.

Malamin firamare, Roni:
Jama'a, na dawo da rahoto. Jiya na kai motar gareji a Kazaure aka ɗaga ta. Wayar gefen hagu ta tsinke tuntuni a cikin rigarta, tsatsa ta cinye ta, ta dama kaɗai take ɗan ja. Da aka buɗe duram na daman kuma sai ga man birki ya jiƙa fatun sharkaf, wai robar tukunyar birkin ce take yoyo, abin da ya sa nake ta ƙara mai ban san inda yake tafiya ba. An canza waya biyun, da fatun, da robar. Yanzu sandar tana tsayawa a ƙara ta 6. Da yamma na koma ƙofar gidan yayana da buhu 3, bayan an kori yara daga hanya, na zauna a ciki ƙafata a kusa da birki, na ja na hannu, na sa firi na jira. Ba ta motsa ba. Duk da haka da zan fita na sa ta ɗaya, na karya tayar yadda bayanta zai nufi darbejiyar da ta riga ta sani. Dangar maƙwabci mun ɗaure ta tun ranar Lahadi, ya ƙi karɓar kuɗin kara. Na kuma ba masassaƙin garinmu aikin waigi biyu.

Tsohon direban tifa, Rano:
Madalla. Ka ce masa ya yi da ƙirya ko marke, kada ya yi maka da icce mai laushi ya tsage a damina ɗaya. Faɗinsa ya kai faɗin tayar, kuma kada ya manta hudar igiya.